Sanyin da Ya Sauko da Uwar Kien

Sunanta na takarda Luc Thi Hoi, amma a Na Pong babu mai kiranta haka sai ma'aikacin ofishin ƙauye ranar rabon irin shinkafa. Tun da ta haifi ɗanta na fari ta zama Uwar Kien, da wannan sunan kuma ta yi furfura. Gajeriyar mace ce mai faɗin tafin ƙafa, ba ta da yawan magana. Rigarta ta shuni kullum a koɗe take a kafaɗar dama, inda sandar dako ke zama. A bayan tsauni aka haife ta, aka kawo ta gidan mijinta Lau tana da shekara ashirin, a shekarar yaƙin iyaka. Watannin farko na aurenta a cikin kogo ta yi su ana gudun yaƙi, ita da surukanta da ɓaunayen gidan, kuma takan ce a can ta gane ɓauna ta fi uwar miji sauƙin zama.

Bayan an dawo gida ta haifi Kien, ta haifi mata biyu, ta binne namiji ɗaya tun bai yi haƙori ba. Da aka raba gonakin gado, Lau ya samu na sama, ƙananan gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin dutse, wata ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Ƙanensa Sang ya samu na ƙasa, shimfiɗaɗɗu a bakin rafi. Babu wanda ya yi ƙorafi a lokacin, domin ɓauna ce ke nome duka, ita kuwa ba ruwanta da sama ko ƙasa.

Sanyin ƙasar nan ba ya zuwa ya zauna. Kashi-kashi yake zuwa. Iskar arewa ta ƙetaro tsaunuka da siririn yayyafinta, wanda ba ya jiƙa mutum farat ɗaya amma yana ratsa shi har ƙashi. Ta yi kwanakinta, ta janye. Sai iskar kudu ta shigo da ɗumi da laima, katakon gida ya yi gumi, gishiri ya narke a kwano, wanki ya ƙi bushewa, mutane su tuɓe rigunan auduga. Ana cikin haka wata iskar arewar ta sake faɗowa, wani lokaci tsakanin abincin rana da na dare. Tsofaffi na cewa duk wanda ya ce ya san sanyin ƙarshe bai daɗe a duniya ba.

A shekarar da kalandarsu ke kira shekarar Ɓera sanyin ya zo ya ƙi janyewa, ya fi wata guda. A lokacin kowa sakin ɓaunayensa yake yi bayan girbi, su hau kwarin Lung Kham su yi kiwo da kansu har lokacin huɗa, kamar yadda aka gada. Cikin biyar na gidansu, huɗu a can suka mutu. Wadda ta tsira 'yar maraƙa ce da Uwar Kien ta sa Lau ya saɓo a wuya, suka hau tsani da ita har cikin ɗaki, domin gidajen nan a kan ginshiƙan katako ake ɗora su. A bakin murhu ta yi ta kwana, tana birgima a toka, har sanyin ya wuce. Daga nan ta samu sunan Toka.

Ɓauna ɗaya, 'yan'uwa biyu, sai aka yi abin da aka saba yi: aka raba ta ƙafa-ƙafa. Lau ƙafa biyu, Sang ƙafa biyu. Mai ƙafa yana da kwanakin ciyarwarsa da kwanakin huɗarsa, in an haifi maraƙi yana da rabonsa a ciki. Ba a sayar da ita, ba a sa mata wuƙa, sai ƙafafun nan huɗu duka sun ce to. Da tari ya ɗauke Lau a ƙarshen wani sanyi, ƙafafunsa biyu suka rabu: ɗaya ta matarsa, ɗaya ta Kien.

Shekarun da suka biyo baya sun canja Na Pong a hankali. Injin huɗa ya shigo ƙauyen, irin wanda mutum ke riƙewa yana bin sa a ƙafa, Sang kuwa ya riƙa ɗaukar hayarsa don gonakinsa na bakin rafi. Gonakin Uwar Kien inji ba ya hawa can, ko ya hau ba shi da wurin juyawa. Ita da Toka ke nome su, kowace shekara, ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Sau da yawa Sang ya kawo maganar a sayar da ɓaunar tun tana da daraja, ita kuma ta ce ƙafarta ba ta yarda ba. Yakan girgiza kai ya tafi, washegari ya dawo da damin ciyawa tun da kwanansa ne.

'Yan matan sun yi aure a wasu garuruwa. Kien ya sauka birnin Bac Ninh, ya kama aiki a masana'anta, ya yi aure can, ya haifi yara biyu. Duk zuwan da zai yi gida sai ya dubi tsanin da uwarsa ke hawa da bokitin ruwa, ya dubi gwiwoyinta, ya sake ɗauko maganar ta sauko ta zauna da su. Ita kuma ta riƙa amsawa da zancen kaji ko na rufin gida. A ranar tunawa da mutuwar Lau ta wata shekara, bayan an jera abinci a teburin kakanni an kunna turare, Kien ya ƙi barin maganar ta sille.

"Inna, ba zan ɗauke ki da ƙarfi ba. Amma ki ba ni rana."

Ta daɗe tana kallon hoton mijinta, sannan ta ce, "Muddin Toka na jan garma, ina nan. Ran da ta tafi, zo ka ɗauke ni."

A gaban teburin ta faɗa, turare na ci, Sang da matarsa na zaune. Maganar da aka yi a irin wannan wuri ba a kwance ta. Ƙauye duka ya ji. Tun daga nan in Sang ya hango ta tana jan Toka zuwa rafi, sai ya ce wa na kusa da shi, ga tsofaffi biyu can masu numfashi da hanci ɗaya.

A shekarar da ake magana, Toka ta tsufa. Haƙoranta sun cinye, ƙashin ƙugunta ya fito, amma a damina ta nome gonakin sama duka ba ta kwanta ba. Matsalar daga girbi ta faro. Ruwa ya ƙi ɗaukewa a watan da ya kamata ya ɗauke, aka tara karan shinkafa da laima a jikinsa. Tun bayan sanyin shekarar Ɓera Uwar Kien ba ta sake yarda an saki Toka ba. A ƙarƙashin gida take ɗaure ta, ta kewaye turken da leda, ta ciyar da ita kara da dusa har sanyi ya wuce. Wannan karon da ta buɗe tarin karan a farkon sanyi, ta tarar cikinsa ya yi baƙi. Abin da ya tsira bai kai rabi ba.

Sau biyu lasifikar ƙauye ta yi shelar babban sanyi na tafe, a tsare dabbobi a gida. Sau biyun ya zo da rauni, ya yi yayyafin kwana biyu ya wuce. Da watan sha biyu ya kama, saura kaɗan a yi Tet, bikin sabuwar shekara, iskar kudu ta shigo ta zauna. Rana ta fito sosai. Itatuwan bayan gida da ba su fure sai Tet suka yi fari fat, yara suka koma yawo babu riga mai nauyi.

Kwanakin ciyarwar Sang ne. Ya zo da hantsi, rigar audugarsa a saɓe, yana fifita da hula.

"Yaya, kin ga rana? Ko sai na aro miki tabarau?"

"Na gan ta. Na taɓa ganin irinta."

"Itatuwa sun yi fure. Jiya kwaɗi suka fara kuka a rafi. Sanyi ya naɗe tabarmarsa, ke kaɗai ce ba a gaya wa ba."

"Kwaɗi ba su da ɓauna, Baban Nu."

Da sunan 'yarsa ta fari take kiransa. Ya yi dariya, ya zauna a kan matakin tsani, ya bar wasa. Ya ce nasa karan ma ya ƙare, abin da yake yankowa a bakin rafi ba ya cika kwando, kuma ta dubi ɓaunar da idonta. A Lung Kham ɗumin nan ya fito da sabuwar ciyawa, gidaje da yawa sun riga sun saki nasu. In Toka ta hau ta ci ɗanya na 'yan kwanaki, a sauko da ita kafin Tet, ragowar karan zai kai su huɗa. In kuwa aka ci gaba da ɗaure ta, yunwa za ta yi abin da sanyi bai yi ba. Ta ce masa lasifika ta sake yin shela da safe. Ya ce ya ji, ya kuma ji na farko da na biyu.

Ta sauka ta zagaya wurin tarin karan, ta cusa hannu har gwiwar hannu, ta zaro, ta shinshina. Ta je ta shafa haƙarƙarin Toka tana jin kowane ƙashi a tafinta. Gaskiyar Sang ce, ta san haka, kuma ita ma ranar nan ta shiga jikinta: gwiwoyinta sun daina ciwo, ta fara tunanin jiƙa iri. Ta hau ɗaki ta ɗauko ƙararrawar katako da ke rataye tun zamanin Lau, ta ɗaura wa Toka a wuya da hannunta. Tare suka kora ta har gindin hanyar Lung Kham. Ɓaunar ta hau ba ta waiwaya ba, ƙararrawar na ƙwanƙwasa a hankali.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi na baya ɗumi. Ranar kasuwa ta zo, Uwar Kien ta kai ƙwai da citta, ta sayo turare da jan takarda na biki. Da tsakar rana ma'aunin zafin da ke bangon ofishin ƙauye ya haura ashirin da biyar, mata na fifita da hulunansu. Tana kan hanyar dawowa, da la'asar sakaliya, iska ta tsaya cak. Kaji suka shige ƙarƙashin gidaje. Sai ta ga ganyen gora a bakin hanya sun juya bayansu gaba ɗaya, wani abu mai sanyi ya taɓa mata ƙeya. Ta ɗaga kai arewa. Tsaunin da ta gani da safe babu shi, sai toka-tokan gajimare yana gangarowa.

Ta ƙara sauri, amma kafin ta kai gida duhu ya fara, yayyafi ya sauka. Ba a hawa Lung Kham a irin wannan lokaci. Kafin gari ya waye ma'aunin nan bai kai uku ba.

Da asuba ita da Sang suka hau, da sauran masu ɓaunaye. Hazo ya rufe kwarin, mutum ba ya ganin wanda ke gabansa sai dai ya ji tarinsa. Kowa na kiran tasa. Ƙananan masu ƙarfi sun taru wuri ɗaya a gindin wasu itatuwa suna haɗa jiki, aka kora su ƙasa. Toka ba ta cikinsu. Uwar Kien ta bi gefen kwarin tana tsayawa tana kasa kunne. Ɓauna mai tafiya ce ke kaɗa ƙararrawa, saboda haka shirun nan shi ne abin da ta fi tsoro. Sai da Sang ya riƙe mata hannun riga ya ce haske na tafiya sannan ta yarda suka sauko. A hanya bai yi wasa ko ɗaya ba.

Washegari ta cika kwandon goyo: buhuna, leda, tsohon bargo, tukunya, dusa, gishiri, citta, da kwalbar giyar masara. Sang ya kira Lim, maƙwabcinsu mai yanka aladu in biki ya zo, ya ce don a samu ƙarin hannu. Ta ga wuƙar da ke naɗe a tsumma a ƙugun Lim. Sanyin ya fi na jiya. A saman kwarin raɓa ta daskare a bakin ciyawa, tana karyewa a ƙarƙashin takalmi.

Da hantsi suka same ta, can ƙurya, a bayan wani dutse da ya ɗan kare iska. Tana kwance ƙafafu a naɗe, idonta a buɗe. Da ta ji muryar Uwar Kien ta motsa kunne. Fatarta ta yi sanyi kamar dutsen rafi, ƙafafun gaba sun kumbura daga kofato har gwiwa, kuma ba ta tuƙa.

Uwar Kien ta sauke kwando ta kama aiki. Ta lulluɓe ta da bargo, ta ɗora buhuna, ta rufe da leda. Sang ya tono busasshiyar gora a ƙarƙashin dutsen, da ƙyar wuta ta kama. Ta dama kunun dusa da gishiri da citta, ta bar shi ya huce daidai yatsa, ta riƙa ɗura mata da guntun gora, Lim na riƙe da ƙaho. Rabi ya shiga, rabi ya zube. Ta daka citta a kan dutse, ta kwaɓa da giya, ta durƙusa tana murza ƙafafun nan har hannuwanta suka daina jin komai. Da rana ta take, mazan suka saro sanduna biyu, suka zura a ƙarƙashin cikin ɓaunar da buhu a kai, suka ɗaga. Ƙafafun baya suka tsaya. Na gaba suka lanƙwashe, ta sake zubewa. Suka huta, suka sake. A karo na ƙarshe ko na bayan ma ba su tsaya ba.

Lim ne ya fara magana, yana kallon wuta ba ita ba. Ya ce ya ga irin wannan da yawa. Wata takan tashi in ɗumi ya dawo da wuri, amma cikin goma da wuya a samu ɗaya, kuma sararin nan bai yi kama da mai buɗewa gobe ba. Ba za a iya sauko da ita a kwance ba, ba kuma za a kwana a nan ba. In ta mutu da kanta cikin dare, jini ya kwanta a nama, kafin a hawo da safe sai dai a haƙa rami. In kuwa za a yi, yanzu ne, tun da sauran haske da za a kira mutane su ɗauki nama.

Sang ya daɗe yana juya wani guntun itace a wuta.

"Yaya," ya ce, "ƙafafuna biyu sun ce to. Ban so ba. Ni na kawo maganar sakinta, na sani."

"Ni na ɗaura ƙararrawa," ta ce. "Saura biyu."

Waya ba ta kamawa a cikin kwarin. Suka bar Lim da wuta, suka hau wani tudu inda iska ke yankan fuska. Sang ya kira Kien, ba a ɗauka ba. A masana'antar ba a shiga wurin aiki da waya, sai lokacin hutu. Suka tsuguna a bayan wani dutse suna jira, kowa hannunsa a hammata. A nan Uwar Kien ta lura da abin da ke ranta. So take Kien ya ce a yanka. So take ya faɗa da sauri, da muryar wanda ya daɗe yana jiran ranar, don ta samu wanda za ta ce wa a'a, ta samu wanda za ta yi fushi da shi. In ƙafa uku suka taru a kanta, ta san yadda ake tsayawa. Ta yi shekaru tana yi.

Wayar ta yi ƙara. Sang ya yi bayani a taƙaice, bai rage ba bai ƙara ba, sannan ya miƙa mata. Ta ji hayaniyar mutane da ƙarar cokula a bayan muryar ɗanta.

"Inna, kina ji na?"

"Ina ji."

"Kawu ya gaya mini. Ƙafata tana inda taki take. In kin ce a'a, a'a ne, in kin ce to, to ne. Ba ta wannan hanyar nake so ki zo ba."

Iska na kaɗa ledar da ta yafa.

"Inna? Kin sa safa kuwa?"

"Na sa," ta ce, alhali ba ta sa ba.

Ta miƙa wa Sang wayarsa, suka gangara. Yanzu ƙafa biyu ne a hannunta, kuma babu wanda zai tilasta mata. Ta zauna a gefen kan Toka, ta ɗora hannu a tsakanin ƙahonin. In ta ce a'a, mazan nan za su tara itace su bar wuta, su sauka da ita, gobe su hawo su ga abin da dare ya bari. Wataƙila ɗayar nan ce cikin goma. In ta tashi, akwai huɗa a wata mai zuwa, akwai gonakin sama, akwai murhunta da tsaninta, shekara ɗaya ko biyu. In ba ta tashi ba, Sang ya rasa ƙafa biyu har da fata, shi da ya yi shekaru yana yanko ciyawa ga ɓaunar da ba ya huɗa da ita, don kawai matar wansa ta ce ba ta yarda ba. Ta dubi hannuwansa a kan wuta, duk sun tsattsage.

Ta miƙe, ta koma bayan ɓaunar, inda take tsayawa in tana riƙe da garma. Ta kama igiyar hanci, ta girgiza ta sau ɗaya, ta yi tsakin da take yi mata kowace safiyar huɗa. Toka ta ji. Kunnuwanta suka miƙe, wuyanta ya ɗaga, kafaɗunta suka yi rawa a ƙarƙashin buhuna. Ta yi nishi mai tsawo. Sannan kan ya sauka a hankali ya kwanta a ƙasa, ba a kan gwiwa ba, a miƙe, yadda ɓauna ba ta kwantar da kai in tana da niyyar tashi.

Yayyafin ya ƙara kauri. Uwar Kien ta durƙusa ta fara kwance igiyar hancin. Ƙullin ya jiƙe, yatsunta sun ƙage, ta daɗe a kai. Sang ya matso zai taya ta, ta girgiza kai. Ba a yanka ɓauna da igiyar aiki a hancinta, kuma mai ita ne ke cirewa. Da ta zare ta, ta naɗe a hannu, ta sunkuya kusa da kunnen ta ce, "Ke, aiki ya ƙare. Kin yi naki."

Ta miƙe ta dubi ƙanen mijinta.

"Baban Nu, sauran biyun ma sun ce to."

Ta wanke tukunyarta da ragowar ruwa, ta sa a kwando, ta bar musu bargo da buhuna. Ta ce za ta turo mutane da sandunan dako. Ta kama hanya ita kaɗai, tana dafa duwatsu saboda santsi, ba ta waiwaya ba.

Kafin duhu aka sauko da naman. A ƙarƙashin gidan Sang aka shimfiɗa ganyen ayaba, Lim ya raba kashi huɗu daidai, bayan an fitar da na waɗanda suka yi dako. Kashi biyu aka hau da su ɗakin Uwar Kien. Ta yanyanka su dogo-dogo, ta shafe da gishiri da citta, ta rataye a saman murhu inda hayaƙi ke bi. Matar Sang ta kawo mata romo a kwano, ta karɓa ta yi godiya, da safe ta ba kare. Sanyin ya ƙara kwana biyu yana abin da yake yi, a ƙauyukan sama aka yi asarar dabbobi da dama. Daga nan iskar kudu ta dawo, rana ta fito, kowa ya baza barguna a kan shinge. Wata maƙwabciya ta ce mata da an san ɗumi zai dawo da wuri haka. Uwar Kien ta ce ba a sani ba, ta ci gaba da shanyarta.

Kien ya zo bikin Tet da matarsa da yara. Bai ɗauko maganar ba sai da baƙi suka ragu. Yana taya ta ɗaure ƙullin shinkafa a ganye ya ce, in tana so, shi da Kawu Sang za su nemo maraƙa, ba dole ne a bi waccan maganar ba. Ta ja zaren gora da haƙori ta ɗaure ƙullin da ke hannunta. Ta ce maraƙa sai ta shekara uku kafin ta san garma, ita kuma gwiwoyinta ba su da shekara ukun da za su ba da aro. Ban da haka, a gaban ubansa ta yi magana.

"Ko so kake in je lahira ya ce mini maƙaryaciya? Ka san bakinsa."

Kien ya yi dariya, sannan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da naɗe ganye.

Bayan tsakiyar watan farko ta shirya. Kajin ta ba matar Sang, garma da igiya ta rataye a ƙarƙashin gida, ta toshe tagogi da katako. Ta kunna turare ta gaya wa kakanni inda za a koma, sannan ta naɗe kaskon turaren a jan ƙyalle, domin shi ba a sa shi cikin kaya. Sang ya kai ta bakin titi a babur, buhun busasshen nama a ɗaure a baya, Kien na biye a wani babur ɗin da akwatinta. Suna jiran mota Sang ya yi ta ba ta shawara: kada ta yi ciniki da 'yan birni da yarenmu, kada ta tofa yawu daga bene, in ta ga ɗakin nan mai hawa da mutane sama kada ta cire takalmi a ƙofarsa.

"Kai da ba ka taɓa wuce kasuwar gunduma ba," ta ce.

"Shi ya sa har yanzu hankalina ke jikina."

Motar ta iso. Ta ce masa rufin ɓangaren gabas yana yoyo, ya duba kafin damina, kuma kabarin wansa na son shara a wata na uku ko ta samu zuwa ko ba ta samu ba. Ya ce ya ji. Kien ya riƙe mata hannu ta hau, aka ba ta kujerar gefen taga saboda ba ta saba da mota ba. Ta zauna, ta daidaita kaskon turaren a kan cinyarta, ta riƙe shi da hannu biyu, direba ya ja.